Za mu yi yawon jirgin ruwa a Bahar Rum: inshorar biza ta wadatar, ko sai mun yanki wata?

Tambaya: 'Ya'yanmu sun haɗa mana kuɗi, ni da maigidana, za mu yi yawon shaƙatawa na kwana bakwai a jirgin ruwa cikin watan Janairu. Jirgin zai tashi daga Barselona a Sifen, ya tsaya a Marsai ta Faransa, da Jenowa da Palermo na Italiya, da Tunis ta Tunisiya, sannan ya dawo Barselona. Daga Kano za mu tashi. Shi Alhaji shekarunsa 67, yana da hawan jini da ciwon suga, amma yana shan magani, lafiyarsa ƙalau. Ejan ɗinmu ya ce inshorar da za mu yanka don neman biza ta isa, ƙara wata ɓarnar kuɗi ce. Babban ɗanmu kuma ya ce a sayi wadda kamfanin jirgin ke tallatawa. Wanne za mu bi? Kuma ita inshorar ma ta halatta?

Amsa: Hajiya, Allah ya yi wa yaran albarka, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Ku yanki inshora, kuma ba wadda ejan yake nufi ba. Ita ma ta kamfanin jirgin sai an karanta ta kafin a biya. Ba tsoron nitsewar jirgi ya sa na faɗi haka ba, don waɗannan manyan jirage ba safai suke haɗari ba. Abin da nake dubawa shi ne dattijo mai shekara 67, ga hawan jini ga suga, zai kwana bakwai a inda babu asibitin gwamnati, zai taka ƙasashe huɗu, ɗaya daga cikinsu ma ba ta cikin yankin da bizarku ta shafa. Na daɗe ina duba takardun masu neman diyya bayan sun dawo daga tafiya, kuma ma'aunina ɗaya ne. Asarar da aljihu zai iya ɗauka, ko da za ta yi zafi, ba lallai a yi mata inshora ba. Wadda kuwa za ta sa a ɗaga gida a sayar, ko a shiga zagaya dangi ana neman taimako, ita ake yi wa. A tafiyarku, rashin lafiya a tsakiyar teku shi ne na biyun.

Ejan ɗinku ya yi gaskiya ta fuska ɗaya. Ofishin jakadanci ba zai karɓi takardunku ba sai da inshorar lafiya, domin dokar 2009 ta bizar Shengen, wato yankin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ta shar'anta ta: ta kai aƙalla yuro 30,000, ta yi aiki a duk ƙasashen yankin, ta ɗauki kuɗin jinyar gaggawa da na mayar da mutum gida. Turawa sun kafa wannan sharaɗi ne don kada baƙo ya bar wa asibitocinsu bashi, ba don su kare baƙon daga duk abin da zai same shi ba. Shi ya sa irin wadda ejan-ejan ke yankar wa mutane ta yi araha: an ɗinka ta daidai wuyan sharaɗin, ba ƙari. Da yawa daga cikinsu iyakarsu yankin Shengen. To Tunisiya ba ta ciki. Tsakiyar teku tsakanin tsibirin Sisili na Italiya da gaɓar Afirka ma ba ƙasar kowa ba ce. Wasu kuma sun rubuta ƙarara cewa ba sa ɗaukar tafiyar jirgin ruwa sai an ƙara kuɗi an sa ta a takarda. Mutum zai iya riƙe takarda mai hatimi, wadda ta samo masa biza, amma ranar da ya faɗi a cikin jirgi ta zama ba ta san da shi ba.

Haka nan inshorar lafiyar gida, ko ta hukumar NHIA ko ta kamfanin da wurin aiki ya yi wa mutum rajista, a ƙa'ida ba ta tsallaka iyaka. Ba mu kaɗai ba ne. Tsofaffin Amurka masu Medicare, inshorar lafiyar gwamnatinsu, ba ta biya musu da zarar jirgi ya yi nisan fiye da sa'a shida daga tashar Amurka. Katin lafiyar da Ingila ke ba 'yan ƙasarta don shiga Turai shi ma ba ya ɗaukar asibitin kuɗi, ba ya ɗauko mara lafiya ya kai shi gida.

Bari in yi miki bayanin yadda jinya take a cikin jirgi, don a nan ne mutane suka fi yin zaton da ba haka ba. Kowane babban jirgi yana da ɗan asibiti a benayen ƙasa, da likita ɗaya ko biyu da ma'aikatan jinya. Suna da na'urar ɗaukar hoton ƙashi, suna gwajin jini, suna da na'urar farfaɗo da zuciya da ta taimaka wa numfashi. Amma kuɗin tikiti bai haɗa da su ba. Abinci kyauta ne dare da rana, ganin likita kuwa asibitin kuɗi ne, da farashin yuro ko dala. Ana rubuta kuɗin a asusun ɗakinku, a cire daga katin bankin da kuka bayar ranar shiga, kuma ana son a biya kafin a sauka. Su ba ruwansu da kamfanin inshorarku. Ku biya, ku karɓi rasit, ku je ku nemi haƙƙinku daga baya. Galibin jiragen ma ba a ƙasar kamfaninsu aka yi musu rajista ba, tutar Bahamas ko Fanama ko Malta suke ɗauke da ita, don haka babu wani tsarin lafiyar gwamnati da za a jingina da shi.

Ciwon ciki ko jiri ko zamewa a bakin wurin wanka, wannan duk mai sauƙi ne, 'yan ɗaruruwan yuro. Babbar magana ita ce ciwon da ya fi ƙarfin ɗan asibitin: bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki, karayar ƙugu, suga ya hau ya ƙi sauka. Aikin likitan jirgi shi ne ya riƙe mara lafiya har a kai shi tudu. Idan ya yanke cewa a sauke mutum, ba shawara yake nema ba. Sharuɗɗan tikitin da kuka amince da su sun ba shi da kyaftin wannan iko. Za a sauke shi a tasha mafi kusa, ko Palermo ce ko Tunis, a haɗo muku kayanku, jirgi ya ci gaba da tafiyarsa da sauran dubban fasinjoji. Idan abin ba zai jira tasha ba, jirgi mai saukar ungulu ya zo ya ɗauke shi. Mutane sukan ɗauka a nan kuɗin yake, alhali a wurare da dama masu gadin teku na gwamnati ne ke wannan aiki, na Amurka ma ba sa karɓar ko sisi. Kuɗin yana gaba. Akwai kwanakin ɗakin kulawa ta musamman a asibitin da wataƙila zai nemi a ajiye wani abu kafin a ci gaba. Akwai otal ɗinki da abincinki da motar zuwa asibiti, a garin da ba ki jin harshensu. Tikitin komawarku daga Barselona ya ƙone. Daga ƙarshe kuma a zo kan yadda za a dawo da shi Kano. Wanda ya farfaɗo sosai zai hau jirgin fasinja, wataƙila a babbar kujera tare da ma'aikacin jinya mai rakiya, shi ma a biya masa zuwa da dawowa. Wanda bai farfaɗo ba sai jirgin ɗaukar marasa lafiya, wanda ake shatarsa sukutum da likitansa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta irin wannan jigila daga dala 25,000 a cikin Arewacin Amurka zuwa sama da dala 250,000 daga wurare masu nisa. Ki ajiye yuro 30,000 kusa da wannan lissafi ki gani.

Don haka ni abin da zan nema wa Alhaji shi ne aƙalla dala 100,000 na jinya, da dala 250,000 na jigilar mara lafiya, in an samu fiye da haka a ɗauka. Kada adadin ya ba ki tsoro, ba shi ke sa kuɗin inshora ya yi tsada sosai ba. Kamfanin jiragen ruwa na P&O na Ingila ma ya shar'anta wa fasinjojinsa 'yan ƙasar su zo da inshorar da ta kai fam miliyan 2. Ki duba kuma ko takardar ta ce za ta ɗauki masaukin mai jinya da tikitinta, don ke ce za ki zauna da shi. Sannan, Allah ya ƙara mana tsawon rai, a duba abin da ta ce idan ta Allah ta kasance. Yawanci suna ɗaukar kuɗin dawo da gawa gida, wasu kuma suna ba da zaɓin a yi jana'iza a can su biya har wani adadi. Ga Musulmi da ba ya son a jinkirta sutura, wannan zaɓi na biyu abin tambaya ne tun yanzu, lokacin da hankali ke kwance.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya ki natsu. Kin ce lafiyar Alhaji ƙalau tunda yana shan magani. A wurinmu haka ne, a wurin kamfanin inshora kuwa shi mai tsohon ciwo ne har guda biyu. Kusan duk inshorar tafiya mai araha ta cire ciwon da mutum yake da shi kafin ya yanke ta, tare da duk abin da ciwon ya haifar. Wannan ƙarshen shi ne tarkon. Idan mai hawan jini ya samu shanyewar ɓarin jiki, likitan kamfani zai ce daga hawan jinin ne. Idan mai suga ya samu ciwon ƙoda ko gyambon ƙafa ko bugun zuciya, za a ce daga sugan ne. Ke nan ainihin abubuwan da ake jin tsoron su samu Alhaji su ne takardar ta zare hannunta daga kansu, ta bar masa karaya da ciwon haƙori. A cikin takardun da aka ƙi biya da suka bi ta hannuna, babu dalilin da ya kai wannan yawa.

Hanyar fita ita ce a bayyana. Ana samun kamfanonin da za su yi tambayoyi: wane ciwo, tun yaushe, magani kala nawa, an taɓa kwantar da shi, an canza masa magani kwanan nan? Sai su ƙara kuɗi su rubuta sunan ciwon a takarda cewa sun ɗauke shi. A kasuwar Amurka salon daban ne: sukan yafe sharaɗin idan mutum ya yanki inshorar cikin kwana 14 zuwa 21 daga ranar da ya biya kafin alƙalami, kuma yana da lafiyar tafiya a ranar. Ko ta wace hanya, abin da ake so a gani shi ne hawan jini da ciwon suga a rubuce, a jikin takardar da ke ɗauke da sunan Alhaji. Maganar baki ta ejan, ko "ba komai Hajiya, an haɗa da shi" a waya, ba ta biyan kuɗin asibiti.

Kada kuma a ɓoye don a rage kuɗi. Ranar da aka kwantar da shi, abu na farko da likita zai rubuta shi ne tarihin ciwonsa da magungunan da yake sha, kuma ke da kanki za ki faɗa masa, don ran mijinki ake ceto. Wannan rahoton ne zai isa teburin kamfani. Wanda ya ɓoye yakan rasa har abin da bai shafi ciwon ba, don kamfani na iya soke yarjejeniyar ɗungurungum. Akwai wasu ƙananan abubuwa da ke lalata lamari ba a lura ba: likita ya ƙara ko ya rage ƙwayar magani 'yan watanni kafin tafiya, sai a ce ciwon bai daidaita ba, ko ana jiran sakamakon wani gwaji, ko likita ya ce kada a yi tafiyar aka yi. Ki sa Alhaji ya ga likitansa kafin a yanki inshorar, ya karɓo takarda da Turanci mai nuna ciwonsa da magungunansa da cewa zai iya tafiya. A duba iyakar shekaru ma, don kamfanoni da yawa suna ƙara kuɗi ko su rage adadin diyya daga shekara 65 ko 70.

Sai maganar fasa tafiya, wadda ita ce mafi yawan masu saye suke tunanin suna biya wa. Kamfanonin jiragen ruwa suna da jadawalin tara mai hawa-hawa. Idan da sauran wata uku ko fiye, yawanci kafin alƙalami kaɗai ake rasawa, ko ma a dawo da shi. Daga nan tara ta riƙa hawa, rubu'i, rabi, kashi uku cikin huɗu, har a makonnin ƙarshe ya zama ba a dawo da ko kwabo. Inshora tana mayar da wannan kuɗi, amma bisa dalilan da ta lissafa kawai: rashin lafiya mai takardar likita, rasuwar makusanci, gobara a gida, da makamantansu. Ki karanta yadda suka fassara makusanci, don lissafinsu ba irin namu ba ne. Miji ko mata, 'ya'ya, iyaye, kakanni, 'yan'uwa na jini, wani lokaci surukai. Kawun da ya riƙe mutum tun yana yaro, ko gwaggon da ta aurar da ke, ko abokiyar zama, sau da yawa ba sa ciki, alhali a gidan Bahaushe babu mai sa ƙafa a jirgi ana zaman makokinsu. Idan kuma akwai tsohuwa a gida da ta daɗe tana jinya, sharaɗin tsohon ciwo yakan hau kanta ita ma, ko da ba ta cikin masu tafiya.

Abin da ya fi kusa da hana ku tafiyar nan kuwa ba ya cikin jerin: ƙin ba da biza. Inshorar tafiya ta yau da kullum ba ta biyan wanda bai samu takardun shiga ƙasa ba, tana ɗaukar wannan a matsayin nauyin matafiyi. A 2024 fiye da kashi 40 cikin 100 na buƙatun bizar Shengen daga Najeriya an ƙi su, kuma yuro 90 na kuɗin nema ba ya dawowa. Maganin wannan ba inshora ba ce, tsarin biya ne. Ku yi rajistar ɗaki da kafin alƙalamin da ake iya dawowa da shi, ku nemi biza da wuri tunda doka ta yarda a nema tun saura wata shida, kada ku cika sauran kuɗin sai fasfo ya dawo da biza a ciki. A tabbatar kuma bizar mai shiga fiye da sau ɗaya ce, domin tsayawa a Tunis fita ce daga Shengen, komawa Barselona sabuwar shiga ce. Mai bizar shiga ɗaya ana iya hana shi hawa jirgin tun daga tashar farko, kuma babu mai biyan shi. A tambayi kamfanin jirgin, a rubuce, abin da mai fasfon Najeriya yake buƙata don tashar Tunis. Akwai wata inshora da ke ba mutum damar fasawa ko da ba dalili, ta mayar da kashi 50 zuwa 75 cikin 100, amma ta fi tsada kuma mazauna Amurka aka fi sayar wa.

Janairu kuma lokacin hazo ne. Duk wanda ya saba tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano a wannan wata ya san ana iya wuni ba jirgin da ya sauka ko ya tashi. Babu jirgin da ke zuwa Barselona kai tsaye daga Kano, sai an canza a hanya, jinkirin farko kuwa yana jan na biyu. Jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Inshora mai kyau tana da sashen da ke biyan kuɗin cim ma jirgi a tasha ta gaba idan jirgin sama ne ya makarar da mutum, amma adadin ba shi da yawa kuma yana da sharaɗin sa'o'in jinkiri. Abin da ya fi shi shi ne ku isa Barselona kwana biyu kafin ranar tashi. Kuɗin otal na dare biyu ya fi sauƙi a kan bin jirgi daga gari zuwa gari.

Haka ma a tashoshin hanya. A watan Maris na 2024 jirgin Norwegian Dawn ya tashi daga tsibirin Sao Tome ya bar fasinjoji takwas da suka fita yawo da wani mai jagora na kansu suka makara. An bar musu fasfunansu a hannun wakilin tasha. Suka bi jirgin har Banjul a Gambiya, bai samu tsayawa a can ba, sai a Dakar suka cim masa bayan kwanaki. Su Amurkawa ne da 'yan Ostareliya, fasfonsu yana buɗe musu ƙofofi. Mai koren fasfo da aka bari a tashar da ba shi da bizarta, tsugune ba ta ƙare masa ba. Kuma makarar da mutum ya jawo wa kansa a kasuwa, yawancin inshora ba ta biya. Idan za ku fita a Tunis, ku bi yawon da kamfanin jirgin ya shirya, don su jirgi yakan jira su.

Wani zai ce ai kamfanin jirgin ne ke da alhakin fasinjansa. Yana da shi, amma a wuri ƙunci. Yarjejeniyar Atina ta 1974, da gyaran da aka yi mata a 2002, wadda Tarayyar Turai ke aiki da ita, ta ɗora wa kamfani diyyar rai ko rauni idan jirgi ya nitse, ya kife, ya yi karo, ya kama da wuta ko ya samu wata naƙasa, har zuwa 250,000 na ma'aunin kuɗin Asusun Lamuni na Duniya, wato sama da dala 300,000, ba sai an tabbatar da laifinsa ba. Abin da ba haɗarin jirgi ba kuwa, sai fasinja ya kawo hujjar sakacin kamfani. Ciwon da ya taso wa mutum daga jikinsa ba ya ciki sam. Ko a babban haɗari ma abin da ake samu ba ya kai yadda ake zato: lokacin da Costa Concordia ya kife a gaɓar tsibirin Jiliyo na Italiya ranar 13 ga Janairu 2012, mutum 32 suka rasu, kamfanin ya yi wa waɗanda suka tsira ba rauni tayin yuro 11,000 kowanne. Sharuɗɗan tikiti kuma sun ba kamfani damar canza hanya ko tsallake tasha saboda iska ko tsaro, kuma a hunturu Bahar Rum yakan yi fushi. Tun da aka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya a ƙarshen 2023, kamfanoni suka karkatar da jirage da dama, wasu tafiye-tafiyen aka soke su. Idan kamfani ne ya soke, shi zai mayar da kuɗin tikitinsa, amma tikitin jirgin sama da otal da kuka saya daban ba ruwansa. Yaƙi da tarzoma kuma kusan kowace inshora ta cire su.

Shawarar ɗanku fa? Inshorar kamfanin jirgi tana da sauƙin saye, ta san da zaman teku, kuma wasunsu ba sa ƙara kuɗi saboda shekaru, wanda riba ce ga dattijo. Rauninta uku ne a ganina. Adadin jinyarta yakan yi ƙasa. Takan tsaya kan abin da aka saya a hannun kamfanin. Wani sashen diyyarta kuma ba kuɗi ba ne, takardar bashin wata tafiya ce nan gaba, wadda ba ta da amfani ga wanda sai ya sake neman biza. Ba ta kuma kare mutum idan kamfanin da kansa ya karye. A Janairun 2022 uwar kamfanin Crystal Cruises, wato Genting Hong Kong, ta durƙushe. Jirginsu Crystal Symphony ya kauce wa Mayami ya nufi Bahamas don gudun a kama shi kan bashin mai, waɗanda suka biya kuɗin tafiye-tafiyen gaba suka koma layin masu bin bashi. Biya da katin banki ta hannun kamfanin da dokar Turai ta tilasta wa ajiye kariyar kuɗin matafiya ya fi tura kuɗi asusun wani ejan.

Abu mafi muhimmanci a nan shi ne inda mutum yake zaune. Ana sayar da inshorar tafiya ne bisa ƙasar zaman matafiyi, ba ta mai biya ba. Ko da ɗaya daga cikin yaran yana Landan ko Amurka, in ya saya muku ta mazauna can da adireshinsa, kuɗin ya tafi a banza, don ranar neman diyya za a tambayi shaidar zama. Ku nemi wadda aka rubuta ƙasar zama Najeriya, ko daga kamfanin gida mai lasisin NAICOM, hukumar kula da kamfanonin inshora, ko daga na waje da ke karɓar mazauna Najeriya. A duba adadin diyyar da dala ko yuro aka rubuta shi, da kuma canjin ranar da za a yi amfani da shi in za a biya da naira. Wanda ya ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,400 a farkon 2024 ya san dalilin tambayar. Kuɗin cikakkiyar inshora yakan kama kashi 4 zuwa 10 cikin 100 na kuɗin tafiya, na Alhaji zai fi kusa da saman. Idan kuɗi ya yi kaɗan, a rage sashen fasa tafiya, a bar na jinya yadda yake.

Sashen kaya ba zan ɓata miki lokaci a kansa ba. Adadinsa kaɗan ne, yana da iyaka a kan kowane abu guda, gwal da tsabar kuɗi kuwa kusan ba ya ɗaukarsu. Sarƙoƙin su zauna a gida. Maganin Alhaji da na'urar gwajin suga su kasance a jakar hannu, da ƙarin na mako guda, domin akwatin da aka karɓa a bakin tasha sai yamma yake isa ɗaki.

Game da halacci, ni ba malami ba ne, amma ga yadda maganar take. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda garar, wato rashin tabbas, da ke cikinta, ta ce madadinta ita ce ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful. Shaihu Mustafa al-Zarƙa na Siriya ya saɓa wa masu haramtawa, yana ganin halaccinta. Malamai da yawa daga cikin masu hanawa ma sun yi rangwame ga wadda hukuma ta tilasta, irin ta biza. Kamfanin takaful na farko a Sudan aka kafa shi a 1979, a Najeriya kuma NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, ga kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suna aiki. In kun samu shirin tafiya a tsarin takaful, ku auna shi da ma'aunin da na ambata: jirgin ruwa, Tunisiya, tsohon ciwo, adadin jigila. In bai cika ba, ku kai wa malaminku maganar da cikakken bayaninta, har da abin da zai faru idan aka sauke Alhaji a baƙon gari ba mai tsaya masa.

Idan kun yanka, ku buga takardar a ɗauka a hannu, ku bar wa ɗaya daga cikin yaran kwafi. A jikinta akwai lambar taimakon gaggawa mai aiki dare da rana. A sa ta a wayarki da ta Alhaji. Duk abin da ya wuce ganin likita na ɗan lokaci, a kira su kafin a yanke shawara, ko a sa ma'aikatan asibitin jirgin su kira. Su ne za su aika wa asibiti takardar alkawarin biya, su ne za su shirya jigila, kuma jirgin da dangi suka yi shata da kansu ba da izininsu ba, ba za su biya ba. Kafin ku sauka daga jirgi ku karɓi rahoton likita da rasit mai nuna kowane abu da kuɗinsa, don bayan jirgi ya tashi samun su wahala ne. In jirgin sama ne ya yi jinkiri, a karɓi takarda daga kamfaninsa mai nuna dalili da tsawon lokacin. Kowace inshora tana da wa'adin shigar da buƙata, wasu kwana 30 kacal daga ranar dawowa, don haka ki sa ɗaya daga cikin yaran ya cike takardun a makon da kuka sauka, kafin 'yan sannu da zuwa su cinye kwanakin.